Baba Birki da Manajarsa

Idan ka bi layin shagunan da ke bayan tashar mota, shago na ƙarshe kafin kwana shi ne na Baba Birki. Ba sai an nuna maka ba. Tsofaffin tayoyin keke ne rataye tun daga bakin ƙofa har ciki, ga kwanon ruwan da yake tsoma tub ya gano inda iska ke fita, ga wani benci da ya sha giris har katakonsa ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. Shi kuma za ka same shi a tsugune a tsakiyar tarkacen, dogo siriri, da sifana a aljihun gaba, inda ma'aikata ke saƙala biro.

Mu ne muka sa masa sunan. Duk yaron da ya tashi a unguwar nan, har da ni, a hannunsa ya koyi hawan keke. Yakan riƙe sirdi ta baya ya bi ka da gudu, kana cikin murna sai ka ji muryarsa ta yi nisa, a nan za ka gane ya daɗe da sakin ka. Abin da kawai ke iso ka daga baya shi ne birki, birki, kama birki. Da yawanmu ba birkin muka kama ba, katangar shagon Tela ce ta tare mu. Tela har gajiya ya yi da sake fenti.

Tun yana saurayi ya fara sana'ar, lokacin da masu kai saƙo da malaman makaranta duk a keke suke yawo. Da babura suka cika gari, abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya suka koma gyaran babur. Shi ya ƙi. Ya ce kunnensa bai iya da hayaniya ba, kuma keke ba ya ɓoye ciwonsa, kana juya taya zai gaya maka abin da ke damunsa. Aka ce yunwa za ta kashe shi. Ba ta kashe shi ba. Kekunan yara suka riƙa zuwa, da keken guragu, da baro, har da keken jarirai da ake turawa. Duk abin da ke da taya kuma ba ya shan mai, wurinsa ake kawowa.

Matarsa ta rasu autarsu tana ƙarama, yayyenta maza biyu kuwa sun riga sun tasa. Dangi suka zo za su ɗauki yarinyar, ya ce a bar masa abarsa. Shi ya riƙa yi mata wanka, shi ya koyi girki da ƙona tukunya, kitso ne kawai ya gagare shi, yakan kai ta wurin matar Tela. Sai dai Auta yarinya ce marar ci. Ka ba ta cokali biyu ta kau da kai. Goggonninta in sun zo ziyara sai su ɗaga hannunta suna jujjuyawa kamar masu tayin kaza, su ce dubi ƙasusuwa, ai dama reno ba aikin namiji ba ne. Baba yakan ci gaba da aikinsa. Amma maganar ta zauna masa a ciki shekara da shekaru, ko da yake Auta lafiyarta ƙalau ta girma, ta gama makaranta, ta samu aiki a kamfanin sabulu, ɓangaren da ake jera kaya a kwali.

Mijin da ta aura direban babbar mota ne, ƙato mai fara'a, in ya tsaya a ƙofar shago sai Baba ya ce ya matsa, ya tare masa haske. Danginsa duk haka suke, in suka zo gaisuwa bencin da ke ɗaukar mutum biyar uku yake ɗauka, shi ma yana kuka. Da Auta ta samu ciki sukarin jininta ya hau, ta yi ta zirga-zirgar asibiti, aka haifi yarinya ƙatuwa, har ma'aikatan jinya suna kiran juna su zo su gani. Hutun haihuwa ya ƙare jaririyar ba ta ko fara zama ba. Auta ta koma aiki tana hawaye, nono ya ɗauke, aka koma madarar gwangwani a fida. Wata maƙwabciya ce ta riƙe yarinyar har ta fara tafiya, sannan aka yi wa mijin matar canjin wurin aiki suka tashi. Aka rasa inda za a kai ta. Baba ya ce wace irin rasawa, ga shi nan da ransa da lafiyarsa.

To amma shagon gyaran keke ba wurin yarinya mai ta-ta-ta ba ne. Ƙasa cike da ƙusa da noti da guntayen waya, gaba kuma titi, motoci na fitowa daga tasha ba sa kallon kowa. Rannan ya juya zai ɗauko famfo, ya waigo ya tarar da ita da noti a baki tana tsotsa. Daga ranar ya yanke shawara. Ya haɗa mata kujera da tsofaffin ƙarafan keke, ya sa 'yar katifa, ya kafa laima a sama, ya yi mata ɗan tebur a gaba. Ya ajiye ta a bakin ƙofa inda idonsa ke kaiwa. Don kada ta sauko, ya jingina mata tsohuwar wayar uwarta a kan teburin, katun na ta yi. Ta zauna daram. Tela ya leƙo ya ga mutuniyar ta harɗe ƙafa, tsoho na tsugune a gabanta yana aiki, ya ce to, shago ya samu manaja. Sunan ya bi ta, har uwarta ma da shi take kiranta.

Manaja yarinya ce mai shiga rai. Kumatu kamar an hura, idanu manya, ga baki, tun kafin ta iya haɗa magana sosai take tambayar masu zuwa me ya samu kekensu. Kowa a layin ya ɗauke ta tasa. Da safe Anti Mai Burodi, wadda gidan burodinta ke kallon shagon, takan tsallako da kek mai ɗumi a takarda, ta ce manaja ta ɗanɗana ta gaya mata ko sukari ya ji. In rana ta ɗaga Mai Kanti ya miƙo lemon kwali mai sanyi, ya soka mata tsinken zuƙa da kansa. Masu jiran gyara kuwa, in zama ya ishe su, sai su leƙa kanti su sayo biskit ko alewa don su ga dariyarta. Ubanta in ya dawo daga tafiya da katan yake shigowa, na cakulan da na lemo, yana cewa na kwanakin da bai gan ta ba ne. Shi kansa Baba yana da gwangwanin alewa a bayan akwatin kayan aiki. In ta fara kuka alhali hannunsa duk giris, ba halin ɗaukarta, sai ya ɓare ɗaya ya miƙa, a samu lafiya.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne abinci. In ya zuba mata shinkafa da wake da ganye da rana, sai ta ture kwanon. Tsohon tsoronsa ya motsa, ya ce ga wata marar cin kuma. Sai ya dama madara ya zuba sukari ya ba ta a fida don kada cikinta ya zauna wayam, duk da ta wuce shekarun fida da nisa. Da yamma uwar ta dawo a gajiye ta ɗauke ta, su je gida su zauna gaban talabijin, uwar ta riga 'yar yin barci. Da sassafe kuma a tashe ta, a kawo ta shago tana layi, ta ƙarasa farkawa a kan kujera da kek a hannu.

Baba kuwa baki har kunne. Duk wanda ya zo sai ya nuna masa damatsan jikarsa, yadda suka yi ninki-ninki kamar an ɗaure da zare. Da ɗaya daga cikin goggonnin nan ta zo, ta tsufa har tana dogara sanda, ya ɗago hannun Manaja ya jujjuya mata shi a gaban ido, ya ce ta duba da kyau, wannan ma renon namiji ne. Goggo ta ce ta gani, ta janye maganarta. Ranar har waƙa aka ji yana yi yana faci.

Da Manaja ta doshi shekarun shiga makaranta sai ya ce lokacin koyon keke ya yi. Ya zaɓi ƙarfe mafi kyau a cikin ajiyarsa, ya kankare tsatsa, ya fesa jan fenti, ya sa ƙararrawa, ya ɗaura zare masu launi a hannuwan. Ranar da za a hau, layin gaba ɗaya ya fito kallo. Aka ɗora Manaja, Baba ya riƙe sirdi, ta taka feda. Ba su kai shagon Tela ba ta tsaya tana haki, gumi na tsattsafo mata a hanci.

"Kaka Dogo, ka tura ni kawai," in ji ta.

Haka take kiransa, don ta bambanta shi da kakarta ta wajen uba, wadda take kira Kaka Babba. Aka yi dariya, Tela ya ce ai manaja ba ta tuƙi, tuƙa ta ake yi, kuma yau dai katangarsa ta tsira. Baba ma ya dara. Amma ya koya wa yara da yawa keke, ya san numfashin yaron da ya gaji da wasa, ya kuma san wannan ba irinsa ba ne. Ya tuna da munsharin da take yi in barcin rana ya kwashe ta a kan kujera, wanda a da dariya yake ba shi. Ya jingine keken a ciki.

Ciwon haƙori ne ya kai su asibiti. Auta ba ta samu izini daga wurin aiki ba, sai Baba ya rufe shago, ya yi ta wanke hannu baƙin bai fita ba, ya haƙura ya sa rigarsa ta fita unguwa. Aka duba aka ce haƙoran sun fara ruɓewa, aka yi abin da za a yi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsayinta, ta dubi kati, ta ce su ɗan jira su ga likitar yara.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ba Manaja takarda da fensir mai launi ta zaunar da ita can gefe, sannan ta juyo ta ce, "Baba, me take ci a rana?"

"Ai matsalar ke nan, 'yata," in ji shi. "Ba ta cin komai. Uwarta ta gado. In kin ba ta abinci ture kwanon take yi."

Likita ba ta musa ba. Ta ce ya ba ta labarin jiya kawai, tun daga buɗe shago. Ya fara da kek ɗin Anti Mai Burodi. Ya zo kan lemon Mai Kanti. Ya faɗi biskit ɗin mai baro, da alewar malamin da ya kawo kekensa, da lemo na biyu don rana ta yi zafi. Yana isa kan madarar fida sai muryarsa ta fara sacewa kamar tayar da ta taka ƙusa. Ya dubi jikarsa, ya ce, "Ashe dai tana ci."

Likita ta yi murmushi, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce nauyin yarinyar ya yi wa tsayinta yawa, kuma in aka bar shi haka yana iya bin ta har girma, ya jawo mata ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa tun da sauran ƙuruciya. Ta ce abin ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Akwai wanda babu hannun kowa a ciki, kamar jikin dangin uba, da sukarin da ya hau wa uwar lokacin ciki, da girman da aka haife ta da shi, da yayen wuri da aiki ya tilasta. Irin wannan yaron jikinsa ya fi saurin tara ƙiba, shi ya sa ya fi buƙatar a kula. Akwai kuma wanda ke hannunsu: kayan zaƙi da lemo, wuni a zaune da waya a gaba, ƙarancin barci, da rarrashi da abinci duk lokacin da ta yi kuka.

Baba ya ce ashe kujerar da ya haɗa don ya tsare ta ita ce ta cuce ta. Likita ta ce a'a, kujera ta yi aikinta, ta hana ta faɗawa titi, yanzu dai lokacin sauka ne ya yi. Sannan ta ja masa kunne.

"Kada ku sa ta yunwa, kuma kada kowa ya ce mata ta yi ƙiba ko ya yi mata dariya. Ba ramewa muke so ta yi ba. Yarinya ce, tsayi na nan tafe, so muke nauyin ya tsaya ya jira shi. A ba ta ruwa maimakon lemo, abincin gida a kan lokaci, da 'ya'yan itace. Ta kwanta da wuri, kuma ta yi wasa har ta yi datti."

A hanyar dawowa Baba haushi yake ji, bai ma san wa yake jin haushin ba. Da yamma ya gaya wa Auta, ta zauna a bakin benci ta ce laifinta ne da ta koma aiki. Ya ce ta daina wannan zancen, da ba ta koma ba iska za su ci? Likita ma ba ta nemi mai laifi ba. Suka raba aiki. Ita ta ɗauki talabijin da barci da fida, da yi wa mijinta magana a kan katan-katan. Shi kuma ya ɗauki layi.

Layi ya fi wuya. Anti Mai Burodi ta dafe ƙirji ta ce ita ɗan kek ɗaya tal take bayarwa, wanda ko tsuntsu ba zai ƙoshi da shi ba. Mai Kanti ya ce lemon ai na 'ya'yan itace ne, ga hoton lemu nan a jikin kwalin. Baba ya ce shi ma akwai hoton zaki a jikin famfonsa, amma bai taɓa jin ya yi gurnani ba. Kowa na cewa nasa kaɗan ne, kuma kowa da gaskiyarsa. Sai ranar da Auta ke hutu, yarinya na gida, Baba ya ɗauko faranti ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya ɗora abin da yake ba ta a wuni. Shi ma ya zuba alewarsa, ya ɗora fida cike da madara. Ya ajiye farantin a kan ɗan teburin Manaja, suka kewaye suna kallo. Tela ya ce shi kansa in ya cinye wannan sai ya buɗe wa wandonsa ƙugu. Anti ta ce to ita yanzu me za ta riƙa kawowa, don ba za ta iya wucewa hannu rabbana yarinya na kallonta ba. Aka daidaita a kan ayaba ko yankan kankana, kek kuma sai jefi-jefi. Mai Kanti ya koma ruwan sanyi, amma ya roƙa a bar shi ya riƙa soka tsinken a ciki. Masu jiran gyara kuwa Baba ya ajiye musu ƙwallon roba, ya ce mai son dariyar manaja ya tashi ya nema da ƙafarsa.

Manaja ba ta karɓi sabon tsarin da sauƙi ba. Kwanakin farko layin bai huta ba. Ta yi kuka, ta yi birgima, ta ce ta kori Kaka Dogo daga aiki. Ta aiki Tela ya gaya wa Anti cewa sun ɓata. A gida kuma Auta ta ce talabijin ya lalace, yarinya ta ce a kai wa Kaka Dogo ya gyara, sai da aka lallaɓa ta da cewa ba shi da taya. Baba ya koyi goge hannu da tsumma ya ɗauke ta ya jijjiga maimakon ya miƙa alewa, rigunanta duk suka yi tambarin yatsu. Ana cikin haka rannan da rana ya zuba mata shinkafa da wake, ya juya baya kamar bai damu ba. Da ya waigo kwano ya yi rabi. Ta ce ba wai daɗi ya yi mata ba, tausayinsa ta ji.

Saura wurin wasa. A bayan shagon akwai wani fili da katanga ta kewaye, inda Baba ya daɗe yana jibge gawarwakin kekuna, wai wata rana za su yi amfani. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe, yana tsaye yana bankwana da kowanne, yana faɗin mai shi da yadda aka yi ya mutu. Ya tsince ƙusoshi da maganaɗisu, ya binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa suka zama abin tsallake, ya rataye ɗaya a reshen bishiya ta zama lilo. Ya fasa ƙofa ta baya ya mayar da bencin aikinsa can, ido ɗaya a kan aiki ɗaya a kan fili. Jan keken kuma ya cire masa feda, ya sauke sirdi, ya ce ta riƙa tura shi da ƙafa.

Da farko takan yi zagaye ɗaya ta nemi wuri ta zauna. Ita kaɗai ba ta ga abin yi wa gudu ba. Sai Mai Kanti ya turo tagwayensa, waɗanda su ma a cikin kanti suke wuni da waya a hannu, Anti kuma ta kawo ɗan ƙanwarta. Da Manaja ta ga wani na shirin hawa jan kekenta, sai ga ta a guje. Baba ya ce tun da aka haife ta bai san tana da wannan gudun a ajiye ba.

Babbar jarrabawa ita ce zuwan Kaka Babba. Takan zo lokaci-lokaci daga garinsu, da jaka guda ta kayan zaƙi. Ta sauko daga tasi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ga jikarta ta fito daga bayan shago buɗu-buɗu da ƙura, ta tambaya wa ya mayar mata da jika 'yar aikin gini. Da aka yi mata bayani ta ɗaure fuska. Ta ce su a gidansu haka suke tun kakanni, jiki ne Allah ya ba su, yaro mai kumari shi ne yaro, kuma ba wani siririn tsoho da iska ke kaɗawa ne zai koya mata reno ba. Baba ya ce gaskiyarta, shi ya sa in an yi iska mai ƙarfi yake ƙara sifana a aljihu. Dariya ta taso mata ta danne. Bai ja da ita ba, ya shimfiɗa mata tsumma mai tsabta a kan benci, ya ce ta huta tukuna.

Ta zauna tana kallon yaran. Lokacin an riga an mayar wa keken feda. Manaja ta zagayo ta gabanta tana kaɗa ƙararrawa, tana cewa Kaka Babba ki gan ni. Tsohuwa ta bi ta da ido, zagaye bayan zagaye. Can ta buɗe jakar hannunta ta ciro ƙwayoyinta, na sukari da na hawan jini, ta nemi ruwa ta haɗiye.

"Ni ban taɓa hawa keke ba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Ko gudu ma ban tuna ranar da na yi ba. Muna yara in za a yi tsere ni ake ba riƙon takalma."

Baba ya ce ai ba ta makara ba, yana da wani mai taya uku da zai ɗauke ta tsaf. Ta ce ya kiyaye ta, ta ɗaga jaka kamar za ta maka masa. Amma jakar kayan zaƙin ba a buɗe ta a gaban yarinya ba, direbobin tasha ne suka ci rabonsu. Biskit ɗaya dai ta ɓoye a cikin mayafi, da za ta tafi ta danƙa wa jikarta a asirce. Baba ya gani, ya kau da kai yana duba wata taya da ba abin da ya same ta.

Manaja ba ta zama siririya ba, kuma ba wanda ya so hakan. Har yanzu kumatunta na nan. Amma ta miƙe, munshari ya tafi, haƙora sun huta, da suka koma asibiti likita ta dubi kati ta ce haka ake so, a ci gaba. Uban ya rage katan ya koma kawo ƙwallo da igiyar tsalle, ko da yake an sha kama shi yana shanye lemo a mota shi kaɗai kafin ya shigo, in an yi magana ya ce gubar yake kawar wa yarinya.

Kwanan baya na kai keken ɗana a gyara masa sarƙa. An yi ruwa da safe, filin baya ya zama taɓo, yara cike a ciki, ba ka gane ɗan wane da 'yar wance. A bakin ƙofa kuma wasu iyaye mata sun sa Baba a tsakiya. Wannan ta ɗaga wando da ya yage a gwiwa, waccan ta ce hannunta ya mutu da wanki, wata ta ce ɗanta yanzu da cokali a hannu yake ɓingirewa da barci, ubansa in ya dawo ko hira ba ya samu. Baba ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, za a duba. Suka gama faɗansu suka tafi, ba wadda ta kira nata ya fito.

Ya juyo ya karɓi keken, ya murza feda, ya saurara, sannan ya dube ni ya ce, "Ina mai shi?"

Na ce yana gida yana kallo. Ya miƙo mini keken yadda na kawo shi, ya ce shi ba ya gyara sai mai keke ya zo da ƙafarsa. Na ce Baba ai sarƙa ce kawai. Ya ce ya sani, ya koma kan facinsa. Haka na juya gida na kashe talabijin na taso yaron a gaba.